Layin da ya ratsa dalar azurfa: aibi ne ko shaida?

Wani ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, na gaji tsofaffin sulallan azurfa guda goma sha ɗaya. Bakwai dalar Amurka ce mai kan mace a fuska da gaggafa a baya, shekarunsu daga 1878 zuwa 1921. Biyu masu hoton Mariya Tariza ne, an rubuta 1780. Sauran biyun na Sifen ne. Da na duba da gilashi sai na ga wasu haruffa kamar an buga su sau biyu, wata kuma siririn layi ya ratsa ta. Wannan aibi ne ko ƙarin daraja? Yaya zan san makin kowace? Ina so in wanke su kafin in kai wa dillali."

Ɗan'uwa, bari in fara da ƙarshen tambayarka, don can ne ɓarnar take. Kada ka wanke su. Kada ka sa musu man goge baki, ko toka, ko ruwan tsami, ko tsumma mai laushi ma kada ka goga. Lokacin da aka buga tsaba, azurfar tana malala daga tsakiya zuwa gefe saboda tsananin matsi, sai ta bar wasu layuka ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya raba su. Su ne ke ba sabuwar dala sheƙin nan da ke zagayawa kamar ƙafar keke idan ka karkata ta a ƙarƙashin fitila. Guga ɗaya tana share su, kuma babu maƙerin da zai mayar. Ni kaina na taɓa yi. A farkon shigata wannan harka na goge wata dala har ta riƙa ɗaukar ido, na kai wa wani tsohon dillali ina jin na yi abin kai. Bai ko ɗauki gilashi ba. Ya juya ta sau ɗaya a haske, ya miƙo mini, ya ce nauyin azurfarta kawai zai saya. Garin neman gira na rasa ido.

Yawancin mutane da maki suke farawa, wato lambar da ake ba tsaba gwargwadon halin da take ciki, kuma nan suke zamewa. Tambayoyi uku ne a jere: tsabar ta gaske ce? Wane hatimi ya buga ta? Sannan wane hali take ciki yanzu? Idan ba ka san yadda ta fito daga gidan bugu ba, babu yadda za ka auna abin da yawo a hannun mutane ya cinye mata.

Abin da nake kira hatimi shi ne guntun ƙarfen nan mai tauri da aka sassaƙa zanen kuɗi a kansa a juye. Biyu ne, na fuska da na baya, a sa faifan azurfa a tsakaninsu a matse. Duk ilimin nan ƙa'ida ɗaya ce ta ɗauke shi, ka riƙe ta da kyau: abin da ya nutse a jikin hatimi tudu yake fitowa a jikin tsaba. Idan hatimi ya tsage, azurfa ta shiga tsagar, sai ka ga siririn layi ya taso. Idan kuwa wuƙa ko wata tsaba ce ta karce ta bayan ta fito, layin rami ne, kuma sau da yawa za ka ga ƙarfen da aka ture ya taru a bakinsa kamar kunya a gona. Abu na biyu da ke biye da wannan: alamar hatimi tana da 'yan'uwa. Duk tsabar da hatimin ya buga bayan ya tsage tana ɗauke da layin, a wuri ɗaya, da lanƙwasa ɗaya. Rauni kuwa na tsaba ɗaya ne tak a duniya.

Sai dai kafin gilashi, sikeli. Dalar da kake da ita ana kiranta dalar Morgan, da sunan George Morgan da ya zana ta. An buga ta daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921. Nauyinta giram 26.73, faɗinta milimita 38.1, kashi 90 cikin ɗari azurfa ce, sauran jan ƙarfe. Wadda ta sha yawo takan ragu kaɗan, amma idan ka ga ta gaza da giram guda ko biyu alhali zanenta bai suɗe ba, ka yi shakka. Azurfa ba ta bin maganaɗisu. Akwai kuma gwajin ruwa: ka auna ta a bushe, ka ɗora kofin ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifiri, ka rataya tsabar da zare cikin ruwan ba tare da ta taɓa ƙasa ba, ka raba nauyin farko da abin da sikelin ya nuna. Dala ta gaske za ta ba ka kusan 10.3. Jan ƙarfen da aka yi wa rufin azurfa bai kai 9 ba. Na zubi kuma akan gane shi da ƙananan ramuka a fili, da haruffa masu kumburi, wani lokaci har da alamar haɗi a gefe. Masu jefa tsaba a ƙasa don su ji ƙararta, don Allah ku daina. Jin amon ba ya biyan lotsawar baki.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Jabun da ya fi haɗari azurfarsa ta gaske ce, nauyinsa daidai, gidan buga kuɗin Amurka ne ma ya buga shi. A bayan dalar Morgan, ƙarƙashin zagayen ganyen nan, akwai ƙaramin harafi da ke nuna inda aka buga ta: S na San Francisco, O na New Orleans, CC na Carson City, D na Denver a 1921 kaɗai. Ta Filadalfiya ba ta da harafi. A 1893 San Francisco dala dubu ɗari kacal ta buga, shi ya sa ta zama abin nema. Mai ha'inci sai ya ɗauki ta Filadalfiya ta 1893, ya manna mata S. Sikeli ba zai kama shi ba, ruwa ba zai kama shi ba. Hatimi ne ke tona masa asiri. Duk dalolin 1893-S na gaske hatimin fuska ɗaya ne ya buga su, kuma wannan hatimin yana da tabonsa: cikin harafin T na kalmar LIBERTY da ke kan matar akwai ɗan layi a karkace da ya taso, a ƙafar harafin R kuma akwai wasu 'yan alamu biyu da masu harkar ke cewa kunnen zomo. Ko tsabar ta suɗe sosai, waɗannan sukan tsira, don suna cikin lungu. Babu su, babu ciniki. Ka ga ke nan sanin hatimi ba ƙwalisa ba ce ta masu yawan lokaci.

Mu dawo kan layinka. Ka samu gilashin ƙara girma mai ninki biyar zuwa goma, da fitila guda ɗaya mai ƙwai, ka kashe sauran hasken ɗakin. Ka riƙe tsabar ta gefe, a kan tawul, ka sa hasken ya zo daga gefe ɗaya ƙasa-ƙasa. Layin da ya taso zai yi haske ta ɓangaren da fitila take, inuwarsa ta faɗa ɗaya ɓangaren. Rami kuwa akasin haka yake yi. Tsagar hatimi ba ta miƙewa sambal, tana tafiya a murɗe kamar jijiya, kuma tana son bin kawunan haruffa da taurari kusa da baki, inda ƙarfen ya fi wahala. Idan tsagar ta yi girma har guntun hatimi ya ɓalle a baki, sai ka ga dunƙulen azurfa marar zane a wurin. Akwai wata 1888-O da ta yi suna saboda tsagar da ta taso daga baki ta ratso har fuskar matar, kamar an sare ta. Lambarta a jerin nau'o'in hatiman dalar Morgan ita ce VAM-1B. Abin sha'awa, ana samun dalolin da hatimin nan ya buga tun tsagar tana ɗan gajeren zare, da waɗanda ya buga bayan ta kai kunci. Masu tarawa na ƙarshen suke nema. Wannan shi ake nufi da matakin hatimi, wato shekarunsa na aiki da ake karantawa a jikin abin da ya haifa.

Akwai wasu layukan da ke ruɗa sababbin shiga, su ne na gugar hatimi. Ma'aikata sukan goge hatimi don su share tabo, gugar ta bar 'yan layuka a jere. A tsaba za su fito a tashe, kuma ga sirrin: suna tsayawa a bakin harafi, su ɓulla ta ɗaya gefen, kamar sun bi ta ƙarƙashinsa. Dalili shi ne a jikin hatimi fili ne a sama, haruffa suna cikin rami, dutsen guga bai isa gare su ba. Layukan da tsumman mutum ya bari kuwa suna hawa kan harafi, kan kunci, kan komai, kuma suna walƙiya su ɓace idan kana juya tsabar. Na farko ba ya rage maki. Na biyu kashe shi yake yi.

Wani lokaci kuma injin yakan buga babu faifai a tsakani, hatiman biyu su yi karo, kowanne ya bar wa ɗan'uwansa tabon zanensa. Shi ya sa za ka ga wani ɗan layi ya fito daga wuyan matar ko gaban leɓenta, wanda a gaskiya gefen fiffiken gaggafa ne ko ganyen baya. A wasu dalolin, irin 1891-O, har harafin E na LIBERTY yakan bayyana a ƙarƙashin jelar gaggafa. Karo irin na yau da kullum ya yi yawa, ba ya ƙara komai. Wanda ya kwaso harafi cikakke shi ake kula da shi.

Yanzu batun haruffa biyu-biyu, wanda nan ne mutane suka fi cizon yatsa. Iri biyu ne, kuma tara cikin goma na waɗanda ake kawo mini, in ƙiyasta da ido, marasa amfanin ne. Na ƙwarai a jikin hatimi yake. A zamanin ba a sassaƙa kowane hatimi da hannu. Akwai uwar hatimi mai zane a tashe, ita ake dannawa cikin ƙarfen da aka tausasa da wuta, kuma dannawa ɗaya ba ta isa, sai an maimaita. Idan a karo na biyu aka ɗan kauce, zanen ya zauna biyu a hatimin, duk abin da ya buga kuma haka zai fito. Alamarsa: harafin ya fi na kullum kauri, zanen biyun duk masu tudu ne a zagaye, kuma a kusurwoyin haruffa za ka ga 'yar tsaga kamar bakin kofato. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne 1888-O mai lamba VAM-4, inda matar take da leɓe biyu, hanci biyu, haɓa biyu, ko ba gilashi za ka gani. Yawancin waɗanda aka samu sun riga sun sha yawo, samun wadda ba ta shiga hannu ba da wuya.

Na banzan kuwa injin ne ya yi girgiza. Hatimi ya buga, wajen ɗagowa ya ɗan zame ya daddatse gefen harafin. Abin da za ka gani shimfiɗaɗɗe ne kamar matakala, yana ƙyalli, kuma daga jikin harafin aka ci, wato harafin ya rame maimakon ya yi ƙiba. Ga wata dabara: a dalolin kafin 1905, shekara da harafin gidan bugu da hannu ake buga su a kan hatimi bayan an gama da uwar hatimi. To idan ka ga a bayan dalarka harafin gidan bugu da sauran rubutun duk sun ninku ta gefe ɗaya da faɗi ɗaya, ka san girgizar inji ce, don ba lokaci ɗaya suka shiga hatimin ba.

Wannan bugun hannu shi ya haifar da nau'o'in da na fi so, don kowanne labarin tsimi ne. Ƙarfen hatimi yana da tsada, ba a yar da shi. Hatiman 1879 da suka rage sai aka buga musu 80 a kai, shi ya sa a wasu dalolin 1880, musamman na Carson City, za ka hangi ragowar 7 da 9 a cikin 8 da 0. Haka 1887 da ke kan 1886, inda ƙasan 6 ke leƙowa a gindin 7. Carson City ta daina buga kuɗi a 1893, aka bar hatiman baya masu CC. Daga baya aka buga musu O aka yi aiki da su a New Orleans a 1900, kuma har yau ana ganin ƙahonnin C a gefen O ɗin. Akwai kuma 1882 mai O a kan S.

Tunda kana da 1878, juya ta ka ƙirga gashin jelar gaggafa. Bugun farko takwas ne. Ba a jima ba aka mayar da shi bakwai. Hatiman da aka riga aka yi da takwas ba a zubar ba, aka danna musu sabuwar uwa mai bakwai, sai kawunan tsofaffin gashin suka rage suna leƙowa a ƙasa. Nau'i uku ke nan a shekara ɗaya. Cikin masu bakwai ɗin ma akwai biyu: mai ƙirji a shafe wadda gashin saman kibiya yake a miƙe, da mai ƙirji a cike wadda gashin ya karkata. Ta biyun ita ta zama tsarin 1879 zuwa gaba, shi ya sa 1879-S mai tsohon baya ta fi 'yar'uwarta wuyar samu.

Lambobin VAM da nake ta ambata daga sunayen mutum biyu aka ciro su, Leroy Van Allen da George Mallis, waɗanda suka jera nau'o'in hatiman dalar Morgan. Yau lambobin sun kai dubbai. Ra'ayina, kuma na san wasu abokan harka ba za su ji daɗi ba: mafi yawansu ba sa ƙara wa tsaba ko sisi. Kowace dala ai wani hatimi ne ya buga ta, saboda haka kusan kowace za ta iya samun lamba. Wanda ake biya shi ne wanda ido ke gani ba wahala, kuma mutane da yawa ke nema. Akwai jerin guda ɗari da aka ware a matsayin fitattu, da shi za ka fara. Wanda sai da na'urar hangen ƙwayoyin cuta ake ganinsa, daɗin ganowa ne kawai ribarsa, kuma ba na raina wannan daɗin.

Idan ka koma baya a tarihi, aikin ya fi sauƙi ta wani gefen. Kafin injin tururi ya shiga gidan bugun Filadalfiya a 1836, taurari da haruffa da lambobi ɗaya bayan ɗaya ake buga su a hatimi, saboda haka babu hatimai biyu da suka yi daidai. A rabin dalar wancan zamani ana duba inda tsinin tauraro ya nuna tsakanin haƙoran baki, da inda ganye ya tsaya a ƙarƙashin wane harafi. Al Overton ne ya jera su, kuma abin da ake ƙirgawa shi ne aure: wane hatimin fuska aka haɗa da wane na baya. Fuska ɗaya takan auri baya biyu ko uku kafin ta mutu. A kuɗin Girka da Rum na dā ma haka ne. Hatimin fuska yana zaune cikin uwar maƙera, na baya shi ke shan guduma, shi ya sa ya fi saurin fashewa. Da bin waɗannan aure-auren masana ke jera wanne aka riga bugawa, ko da babu shekara a jiki.

Game da Mariya Tariza ɗinka, kada 1780 ta ruɗe ka. A shekarar ce wannan sarauniya ta Ostiriya ta rasu, kuma saboda 'yan kasuwa a Habasha da ƙasashen Larabawa ba sa karɓar wani zane sai wannan, aka ci gaba da buga ta da shekarar nan ba canji. An buga ɗaruruwan miliyoyi. Ban da Biyana, a shekarun 1930 da 1940 an buga ta a Rum, Landan, Faris, Burasels da Bombai, kuma gidan bugun Ostiriya bai daina ba har yanzu. Nauyinta giram 28.07, azurfarta kashi 83.3 cikin ɗari, gwajin ruwa zai ba ka kusan 10.2. Ana raba bugu da bugu ta lu'ulu'un da ke zagaye da maɓallin kafaɗarta, da siffar alamar X da ke bayan shekara, da ɗigon da ke tsakanin haruffan S.F. a ƙarƙashin hoton, da adon da ke tsakanin rubutun gefe. Lambobin jerin da wani masani mai suna Hafner ya tsara ake bi a nan. Ka sa a ranka cewa naka na baya-bayan nan ne har sai alamu sun nuna akasin haka.

Na Sifen, in riyal takwas ne, a ƙasashen da Sifen ta mallaka a nahiyar Amurka aka buga yawancinsu. Ka nemi alamar gari, M mai ƙaramin o a kai ta birnin Meziko ce, Lima da Potosi kuma haruffa ne a sarƙe. Kusa da ita akwai haruffan jami'an da suka tabbatar da ingancin azurfar, kuma shekara ɗaya takan zo da haruffa iri biyu, ɗaya ya fi ɗaya wuya. Sarki Carlos na Uku ya rasu a 1788, hoton magajinsa bai iso da wuri ba, sai aka yi ta buga kan tsohon sarki da sunan sabo a 1789 da 1790. Idan ka ga ƙananan tambura na rubutun Sin a warwatse a jiki, 'yan kasuwar can ne suka buga don shaidar sun gwada. A ƙa'ida rauni ne, amma akwai masu tara su musamman.

To, maki. Ma'aunin da aka fi bi daga 1 zuwa 70 ne, William Sheldon ya fito da shi a 1949 don tsofaffin kwabban Amurka, daga baya aka shimfiɗa shi kan komai. G-4 ita ce wadda zane ya shafe saura siffa da rubutu. A F-12 kusan rabin layukan gashi sun fito. VF-20 zuwa 35, yawancin zane yana nan amma tuddai sun kwanta. XF-40 da 45, suɗewar a kan ƙololuwa kawai take, da ragowar sheƙi a lungunan haruffa. AU-50 zuwa 58 an ɗan taɓa ta. Daga MS-60 zuwa sama ba ta shiga hannu ba sam. A Ingila kalmomi suka fi amfani da su, kuma abin da dillalin can zai kira mai kyau ƙwarai sau da yawa ya fi abin da lambar Amurka mai wannan suna, wato VF, ke nufi, sai ka kula wajen kwatantawa.

A dalar Morgan wurare uku za ka fara kallo: gashin da ke saman kunne, kunci, da ƙirjin gaggafa. Kada ka dogara da kalmar LIBERTY, tana cikin kariya, takan rayu har tsabar ta tsufa tukuf. Kuma a nan ne sanin hatimi ke dawowa. New Orleans ta yi ƙaurin suna wajen bugu marar ƙarfi. Za ka samu dalarta da ba ta taɓa fita daga buhu ba, amma gashin saman kunne a shafe, ƙirjin gaggafa sumul. Wanda bai sani ba sai ya ce ta suɗe. San Francisco ta farkon shekarun 1880 kuwa kowane gashi a tsaye yake. Ta 1921 ma daban take: an lalata tsofaffin uwayen hatimi a 1910, aka sake yin sababbi, zanen ya fito a kwance. In ka auna ta da ma'aunin 1881 ka zalunce ta.

Yadda ake raba raunin bugu da suɗewa shi ne ta sheƙi, ba ta zane ba. Ka karkata tsabar a hankali ka bi hasken da ido yayin da yake zagayawa. Idan ya hau kan kunci da saman kunne ya wuce ba yankewa, ko wurin a shafe yake ba a taɓa shi ba. Idan ya iso wurin ya mutu, launin ya koma toka-toka, ya sake kamawa a gaba, hannu ya ci wurin. Wannan ɗan bambancin wani lokaci shi ne komai. An buga 1884-S miliyan uku da dubu ɗari biyu, kusan duk suka shiga kasuwa. Wadda ta yi yawo tana ko'ina, wadda ba ta yi ba kuwa sai an tona, saboda haka tsakanin AU-58 da MS-62 a wannan shekarar akwai tazara mai nisan gaske a kuɗi. Kuma kada ka ɗauka babbar lamba ita ce kyau. Sau da yawa AU-58 ta fi MS-60 daɗin kallo, don ta biyun ba ta yi yawo ba amma ta sha duka a buhu.

Buhun nan kuwa na dala dubu ne, ana jifa da shi ana jan sa, daloli suna sukar juna da haƙoran gefensu. Tsakanin MS-60 da MS-65 yawanci ƙirgar waɗannan tabban ne, da inda suka faɗa. Tabo a cikin gashi ya ɓuya. Irinsa a tsakiyar kunci yana iya cin maki guda ko biyu. Tarihin buhunan ma yana juya kasuwa. Dokar Pittman ta 1918 ta sa an narkar da daloli fiye da miliyan 270, ba tare da an rubuta na wace shekara ba ne, shi ya sa adadin da aka buga ba ya gaya maka adadin da ya rage. An daɗe ana ɗaukar 1903-O a matsayin wadda ta kusa ƙarewa, sai a 1962 baitulmalin Amurka ya buɗe rumbu aka samu buhunanta, farashinta ya rushe.

A tsofaffi na ƙarni na 18 za ka iya ganin layuka a jere kamar na zarto a tsakiya. Idan faifai ya fi nauyi, a gidan bugu ake kankare shi kafin a buga, kuma za ka ga zanen ya hau kan layukan ya danne su. Ba rauni ba ne.

Launin da ke hawa kan azurfa, daga ruwan zuma zuwa shuɗi zuwa baƙi, haɗuwarta ce da farar wutar da ke cikin iska da takarda. Ka bar shi. Abin da kawai nake yarda a cire shi ne koren danƙon da ledar roba mai laushi ke bari, don yana cin ƙarfe. Shi ma jiƙawa ake yi a asiton tsantsa, wato sinadarin ruwan nan mai narkar da danƙo, a ɗauraye da sabo, a bari ya bushe da kansa, ba guga.

Kamfanonin da ke ba da maki su rufe tsaba cikin roba, irin PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, ba sa ba wadda aka wanke lamba, sai su rubuta aibinta a jiki. Ba kuma sa rubuta nau'in hatimi sai ka nema ka biya daban, in ban da 'yan fitattu. Kuɗin aikin da na aikawa yakan fi darajar dala gama-gari, saboda haka cikin goma sha ɗayan nan da wuya fiye da ɗaya ko biyu su cancanci tafiya. Ka zauna da takarda, kowace ka rubuta nauyinta, shekararta, harafin da ke bayanta, da abin da ka gani, a tashe ko a nutse. Ta 1878 ka fara da jela. Wadda layi ya ratsa kuma ka ɗauki hotonta sau biyu, fitila a hagu sannan a dama, ka turo mini in ga inda inuwar ta faɗi.